Dakta, Ka Tafi Ka Bar Ni da Jan Zare

Ke 'yar nan, bar wankin nan ki zo. Yanzu-yanzu nake nufi, ba anjima ba. Ɗauko biro da littafin da ba a fara ba. Leƙa ta katanga ki kira min ungozoma ta zo ta zauna, ina son wani kunne bayan naki, don kar gobe a ce tsohuwa ta ruɗe. Ku saurare ni tun bakina yana motsi, in na yi shiru tsoro zai sake ɗinke shi. Duk abin da na faɗa ki rubuta yadda ya fito, kar ki yi masa kwalliya. Waccan takardar da kika karanta min ɗazu, danne ta da kofi a nan gabana, za mu zo kanta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta ya rasu ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, yau kwana tara ke nan. Surukata, mai riƙe da biron nan, ta duba waya ta ce sha biyu ga watan biyar ne. Kwana huɗu ya yi a asibiti, bayan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ofishinsa da mabuɗi a hannu. Ni na tsinci mabuɗin a ƙasa. Ni ce tsohuwar da ke masa kiwon tana a ɗakin bincike na jami'a, shekara ashirin da uku. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ban gane shi. Amma na ga kowa yana rubuta ta'aziyyarsa ana liƙawa a allon sanarwa, to ni ma ga tawa. Kuma da kai zan yi magana, Dakta, kamar yadda muka saba.

Ka tuna ranar da muka haɗu? Ina shara a bayan famfo, na tarar da saurayi da farar riga yana haƙa da shebur, duk wadda ya tono sai ya raba ta biyu. Na ce, "Malam, kifi za a kama?" Ka ce, "A'a, Inna, karatu zan yi da su." Na yi dariya har tsintsiya ta suɓuce min. Na ce ba a yi wa tana ƙarfi. Jiƙa ƙasa, shimfiɗa tsohon buhu, dawo gobe da sassafe ka ɗaga. Washegari ka zo kana nemana da kwano cike, kana murna kamar an yi maka haihuwa. Ba a yi wata guda ba ka sa aka ɗauke ni daga shara aka mai da ni ɗakinka. Masu gadi suka raɗa min Uwar Tana, in na zo wucewa su ce, "Yaya 'ya'ya, sun tashi lafiya?" In ce, "Sun fi naku jin magana."

Akwatin katako goma sha biyu ne a kan kanta, da danyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ɗakin yana ƙamshin ruwan farko ko da rani. Ni ke jiƙa su, ni ke juya ƙasar da hannu, ni ke zaɓo masu ƙiba in wanke in kawo maka. Kai kuma ka sa su a ruwan da ke sa su barci, ka miƙar da su a faranti, ka kafe da allurai, ka tsaga da almakashi ɗan mitsitsi. Ba ka taɓa korata ba in na tsaya kallo. Ka ɗora idona a madubin nan mai ido biyu, ka nuna min wani farin sili da ya bi ta ƙasan cikinta tun daga kai har wutsiya, ka ce jijiyarta ke nan. Ka nuna min wasu ɗigo biyu da ba su kai ƙwayar yashi ba, ka ce ƙwaƙwalwarta ce. Na ce, "Tana har ƙwaƙwalwa gare ta? Ashe ta fi wasu mazan da na sani." Ka yi dariya har ka cire tabarau.

Kai ka fahimtar da ni abin da kake nema, da bakin da zan gane. Ka ce in mutum ya ci abinci, cikinsa yana fitar da wani ruwa ɗan kaɗan mai kai saƙo, ya ce wa tumbi tashi ka yi aiki, ya ce wa mutum ya isa haka. Ka ce ɗan'uwan wannan ruwan yana nan a jikin tana, amma a jijiyarta da ƙwaƙwalwarta ya fake. In an yanka jijiyar siriri aka zuba mata magani, inda yake sai ya fito ɗigo-ɗigo, ruwan ƙasa. Na ce ikon Allah, abin da nake takawa da silifa ashe muna da dangantaka ta ciki. Tun ranar ban ƙara taka tana da gangan ba.

Ka yi min alheri, kuma ba zan ci shi ba don yau raina a ɓace yake. Rubuta wannan da kyau, 'yar nan. Da yana ta rufe min ido, kai ka ɗauke ni a motarka, ka zauna a bencin asibiti tun safe har azahar riƙe da takalmina a leda, mutane suna ce maka sannu da jinyar gyatuma, ba ka ce musu a'a ba. Da maigidana ya rasu, kai ne na farko da ka iso, ka shiga cikin masu ɗaukarsa da farar rigar aiki ba ka ma tuna ka cire ba. Da wani babban baƙo ya zo duba ɗakin ya ce a fitar da mai sharar nan tukuna, ka ce, "Ranka ya daɗe, in ta fita mu ma sai mu bi ta, don ita ce mai ɗakin." Shekara ashirin da uku ban taɓa riga ka gaisuwa ba. Wanda ya yi maka haka, in ya ce maka fari ne, ai ba ka ɗaga shi sama ka duba.

To ga inda maganar take.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka ce za ka gwada abin da yunwa ke yi wa ruwan nan. Aka raba tana gida biyu. Wasu a bar su cikin ƙasa suna ci, wasu a sa su a roba a kan jiƙaƙƙiyar takarda, kwana bakwai ba abinci. Da yake ban iya karanta abin da kake liƙawa ba, sai na kawo dabara: masu ci in ɗaura wa akwatinsu farin zare, masu yunwa jan zare. Ka ce dabarata ta fi ta farfesa.

Dakta, ni na san yunwa. Na taɓa kwana uku ina ɗora tukunyar ruwa a wuta don yara su ɗauka girki ake. A rana ta huɗu na buɗe robar jan zare, na ga sun yi fari, sun sirance, suna ɗaga kai suna lalube. Ga butar shayinka a hannuna zan je zubar da ganyen. Na tsame ɗan kaɗan da yatsa uku na barbaɗa musu. Washegari da wuri na kwashe saura, na sauya takarda. Haka na riƙa yi duk zagaye, damina guda cur. Wallahi ban ɗauka komai ba ne. A raina, ganyen da aka riga aka tatse ai ba abinci ba ne, taɓa ka lashe ne kawai.

Sai ranar da ka kira ni kana rawar jiki, ka nuna min hoto. Jijiyar masu jan zare ta cika da ɗigon nan kamar an barbaɗa barkono, ta masu farin zare kuwa jefi-jefi. Ka ce, "Inna, kin ga aikin yunwa? Kwana bakwai ba ko ƙwaya! Na aika wa mujallar masana, sun karɓa, an buga, duniya ta gani." Kwana biyu ina juyi, a na uku na shiga ofishinka na durƙusa na faɗa maka komai.

Ba ka daka min tsawa ba. Da ma ka yi. Can ka ce, "Tashi, Inna. Bar min wannan, zan gyara. Amma kar ki faɗa wa kowa, za su kore ki." Bayan mako biyu ka kira ni, ka miƙo min takarda mai hatimi da sa hannu. Ka ce, "Ga shi, na rubuta musu gaskiya, sun amsa, magana ta mutu. Wannan taki ce, ɓoye ta, ko 'ya'yanki kar su gani." Na karɓa da hannu biyu ina kuka ina sa maka albarka. Na naɗe ta a leda, na sa a ƙasan akwatina, ƙarƙashin zanen da na ajiye na likkafani. Tun ranar ko ƙurar ganye ban ƙara sa wa jan zare ba. In sun ɗaga kai sai in kawar da nawa.

Shekara uku da suka wuce Auta ta zo. Haka nake kiranta don ita ce ɗalibarka ta ƙarshe. Mace ce babba, malamar makaranta, ta ajiye aikinta, ta bar 'ya'ya biyu wurin mahaifiyarta a gari mai nisa, ta zo neman digirin dakta a hannunka. Tana ce min Kaka. Hannunta ya fi naka sanyi a wurin yanka, ka yi haƙuri, gaskiya ce. Kullum ita ce farkon zuwa. Na yi ta ɗaura mata jan zare, kwana bakwai, kwana bakwai, har na daina lissafi. Sau da yawa nakan same ta ta kifa kai a tebur. In kawo mata ruwa in ce, "Haƙuri, 'yata, maza sai haƙuri," don na ɗauka matsalar gida ce. Na tambaye ka sau ɗaya me take nema, ka ce wani sabon abu ne daban. Da kunnena na ji ka ta ƙofa kana ce mata, "Sake dai. Wataƙila hannunki ne." Ban gane ba. Allah ya sani ban gane ba.

A asibiti, kwana ɗaya kafin ka cika, na je duba ka. Bakinka ya karkace, magana da ƙyar. Ka riƙe min yatsa ka ce, "Inna, jan zaren nan." Na ce, "Na jiƙa musu takarda, kwantar da hankalinka." Ka lumshe ido, hawaye ya bi ta kunnenka. Sai uwargidanka ta shigo da likita, na ba su wuri. Har in mutu ba zan san abin da ka so faɗa ba. Ko in buɗe baki, ko in ƙara rufe shi.

Jiya aka yi taron tunawa da kai a babban ɗaki. Na zauna a baya kusa da ƙofa. Shugaban sashe ya yi ta Turanci, sannan ya juya harshe don mu ma mu ji. Ya ce babban abin da ka bar wa duniya shi ne aikin tana mai yunwar kwana bakwai, har yau ana ambatonsa, za a sa sunanka a ƙofar ɗakin saboda shi. Aka yi tafi. Na ce a raina, ai wannan an gyara shi, wataƙila shugaba bai samu labari ba.

Yau da safe na tarar da Auta tana zuba littattafanta a kwali. Na ce, "Ina zuwa, 'yata?" Ta ce, "Gida, Kaka. Na rubuta takardar ajiye karatu, gobe ƙarfe takwas in an buɗe ofis zan miƙa, in wuce tasha." Na ce don me. Ta ɗauko hoton nan, shi dai, mai barkono, ta ce, "Wannan nake nema shekara uku. Sai na fara samun abin da Dakta ya samu kafin in ɗora nawa a kai. Sau arba'in da ɗaya na yi. Shi a damina guda ya samu. Yana raye ma ban iya ba, balle yanzu. Ƙaramar 'yata ta daina gane muryata a waya, Kaka, a kan abin da kaina bai kai ba." Ta yi murmushi ta ce, "Ki gaishe min da 'ya'yanki, sun sha yunwa a banza saboda ni."

Ƙafafuna ne suka kawo ni gida. Na fasa akwati, na zaro ledar, na miƙa wa matar ɗana na ce karanta min. Ta duba gaba, ta duba baya, ta ce, "Inna, wannan ai takardar neman a gyara firji ce." Na ce sake dubawa. Ungozoma, ke ma ɗauka ki duba, ga ta nan ƙarƙashin kofi. Firji, ko? Firjin ɗakin bincike, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare da kujera. Shi na ajiye shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin likkafanina.

Dakta! Ni? Ni da ka riƙe wa takalmi? Ka san ban iya karatu ba, kai ka fi kowa sani, kai ka yaba min zare. Ka duba tebur ɗinka, ka ɗauko duk wadda hannunka ya faɗa a kai mai hatimi, ka miƙo min, ka tsaya kana kallo ina sa maka albarka. Da ka ce min, "Inna, na kasa, ina jin kunyar duniya," wallahi da na ɗauka tare da kai, ko na ba ka shawara irin ta jahilai. Da ka zage ni ka kore ni, da na ce hakkina ne. Amma ka gyara min ido, sannan ka rufe shi da takarda. Kuma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ka yi wa yarinyar mutane. Shekara uku tana shigowa ofishinka da jan ido, amsar tana bakinka, kana ce mata hannunta ne. Kana aiko ni in ɗaura mata jan zare, ka mai da ni igiyar da kake ɗaure ta ban sani ba.

Laifi tudu ne, na sani, ba zan taka nawa in hango naka ba. Yatsuna uku ne suka fara wannan ɓarna. Ki rubuta haka, 'yar nan, kar ki tausaya min: ni na ba su ganyen shayi. Amma ni na faɗa a kwana uku. Kai ka yi shekara goma sha ɗaya.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron a zaunar da ni gaban manya masu tabarau, su yi ta Turanci a kaina, su miƙo takarda su ce dangwala, ni kuwa yanzu na san abin da takarda ke iya yi wa mutum. Ina tsoron a ce na ɓata aikin hukuma a kira 'yan sanda. Ina tsoron a ce tsohuwa ta jira ya mutu ta ɓata masa suna, don wa zai yarda da mai shara a kan mai allo a ƙofa? Ba ni da shaida sai takardar firji. Ina tsoron idon uwargidanka, matar da ba ta taɓa barina na fita gidanta hannu sake ba. Amma na fi tsoron in bi ka da wannan kaya a kai. Kabarinka bai bushe ba, nawa kuma ba nisa.

Kuma ku ji, ni ban san abin da gaskiyar tanar take ba. Wataƙila abin da ya fito a hoton nan ba aikin yunwa ba ne, aikin ci bayan yunwa ne. Wannan sai masu karatu. Abin da na sani, in Auta ta hana su kwana huɗu, ta barbaɗa musu ganyen shayi da yatsa uku, ta kwashe da safe, to ta yi abin da aka yi a waccan daminar. In ɗigon ya fito, ba hannunta ba ne. In bai fito ba ma, ba hannunta ba ne, don ba abin da aka rubuta aka yi ba. Zan tsaya a gefenta in nuna mata daidai yadda na tsama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa da 'ya'yansa huɗu, da ƙannensa, da ɗalibansa na kusa da na nesa. Ku yafe min abin da za ku ji. Mahaifinku mutumin kirki ne da tsoro ya kama sau ɗaya, ya kasa kuɓucewa. Alherin da na lissafa duk gaskiya ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku zuciya.

Kai kuma, Dakta, Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sanyaya makwancinka, ya auna maka bencin asibitin nan da nauyi. Nawa hakkin, ina ƙoƙari. Bakina ya ce na yafe, zuciyata ba ta iso ba tukuna, amma tana hanya. Na Auta kuwa ba ni da ikon yafe shi. Shi ya sa nake wannan gaggawa, ko in rage maka kaya. In abin da ka so faɗa min ke nan a asibiti, to na ji. In kuwa cewa ka yi in yi shiru, ka yi haƙuri, yau kam Inna ta ƙi.

Kin gama? Kar ki liƙa ta a allo tukuna. Kar a kai wa shugaban sashe, shi sai gobe, ni da kaina. Uwargidansa ma zan je in durƙusa mata kafin ta ji a bakin duniya, amma ba ita ce farko ba. Kira mijinki ya bar abin da yake yi ya kawo babur. Miƙo min mayafina da takardar firjin. Ɗakin kwanan ɗalibai mata, hawa na biyu, ƙofar da ke kallon famfo. Tun ba ta ɗaure kwalin nan ba. Auta za a fara faɗa wa.